Kwana huɗu a jirgin shata tsakanin tsibiran Lamu

Wasu daga cikinku sun yi cigiyar wannan shafi a makonni biyun da suka gabata, har wani ya aiko yana tambaya ko tawada ce ta ƙare. Tawada tana nan, mai alƙalamin ne ya yi nisa. Wani taro ya kai ni Kenya, da aka watse kuwa sai na ƙi juyowa gida kai tsaye, na nufi tsibiran Lamu, can arewacin gaɓar tekun ƙasar, dab da iyakarta da Somaliya. Na daɗe ina cin karo da sunan wurin a littattafan tarihi, na kuma ƙudurta a raina cewa ranar da Allah Ya nufe ni da zuwa, ba zan shiga jirgin fasinja ba, irin wanda ake cusa mutane da buhunan gari da awaki a ciki. Shatar jirgi zan ɗauka ni kaɗai, in tsaya inda na ga dama, in tashi sa'ad da na so. Haka na tsara, haka kuma na biya. Abin da kuɗin nan ya saya mini, da abin da ya gagare shi, shi ne zancenmu na yau.

Filin jirgin saman da ake sauka ba a tsibirin Lamu yake ba, yana kan maƙwabcinsa, tsibirin Manda. Saboda haka duk baƙon da ya zo ta sama sai ya tsallaka mashigin ruwa kafin ya taka garin, kuma wannan tilas alheri ne a gare shi. An gina garuruwan nan suna fuskantar teku, ƙeyarsu ce ke wajen tudu. Wanda ya zo ta ruwa shi ne ya shigo ta ƙofar gida. Tun daga nesa zai hango jerin fararen benaye masu baranda, da jinkar ganyen kwakwa wadda daɗewa ta mayar baƙa, da jiragen katako ɗaure a bakin gaɓa kamar dawaki a turke. In ya shiga ciki kuwa, lunguna ne waɗanda mutum biyu ba sa jerawa sai da karkacewa, jaki ne motar ɗaukar yashi, shi ne motar ɗaukar dattijo, ko da yake 'yan acaɓa sun fara cika bakin ruwa da ƙara. Ganuwar gidajen ta dutsen teku ce da farar ƙasa, ƙofofin katako ne masu sassaƙa, kowane gida kuma da ɗan zaurensa mai dakali inda maza ke zama. Wani abu da ya ba ni sha'awa shi ne ɗakunan duk dogaye ne sirara. Dalili kuwa irin na magina soro ne a wurinmu, inda tsawon azara ke yanke faɗin ɗaki. Su azararsu itace ne da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, suna kiransa mikoko, kuma iyakar tsawonsa shi ne iyakar faɗin ɗakin attajiri da na talaka. A 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Jirgin da na samu na katako ne, irin wanda suke kira mashuwa, mai babban ƙyalle guda mai kusurwa uku wanda iska ke turawa, da ɗan inji a baya don ranar da iska ta yi rowa. Mai shi dattijo ne, baƙi wuluk saboda rana, ba ya son magana sai ta kama. A can shugaban jirgi nahoda ake ce masa, da haka na riƙa kiransa, shi kuma ya riƙa ce mini mwalimu, wato malam. Yara biyu ke masa aiki, ɗaya ɗan ƙanwarsa ne. Muka haɗa ɗan Larabcinsa na makarantar allo da nawa, muka cike giɓi da Turanci, muka yi ciniki na kwana huɗu. Da za mu rabu yaron ya fassara mini cewa gobe ƙarfe biyu za a tashi.

Washegari na yi sallar azahar, na ci abinci a natse, na ɗauki jaka na iso bakin ruwa ƙarfe biyu cif. Na tarar da jirgin kwance a kan taɓo, ya karkata gefe guda kamar saniyar da ta gaji, ruwa ya yi nisa da shi. Nahoda yana zaune a inuwa yana shan gahawa. Ashe mutanen gaɓar nan daga fitowar rana suke soma ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗayansu, biyunsu kuwa takwas ɗinmu ce. Tun safe suka jira ni har ruwa ya janye. Na ce to mu jira ya dawo mana. Ya ce zai dawo, amma da dare, kuma inda za mu ba a shigarsa cikin duhu. Kwana ɗaya cikin huɗun da na biya ya tafi ke nan, a kan dakali.

Ban yi asara gaba ɗaya ba, don a zaman nan aka karanta mini darasin da sauran tafiyar ta rataya a kansa. Teku takan kawo sau biyu ta janye sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin a kan na jiya. A tsayuwar wata da daren sha huɗu ruwa ya fi cika, ya fi kuma janyewa. Nahoda ba ya duba takarda, kwanan wata kawai yake tambaya. Iska ma biyu ce: kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas tun daga wajajen Disamba zuwa Maris, da kusi mai tasowa daga kudu bayan nan. Da ta farko jiragen Larabawa da na Indiya ke zuwa, da ta biyu suke komawa, tsakani kuwa dole su zauna wata da watanni suna jira. A wannan zaman jira aka yi ciniki, aka yi aure, aka haifi harshen da Larabci ya yi masa ado, aka gina garuruwan da na zo kallo. Ni kwana ɗaya aka tsare ni har na fara ƙorafi.

Rana ta biyu muka tashi a kan lokaci, muka nufi Takwa, wani kufai a tsibirin Manda. Hanyarsa wani siririn rafi ne na ruwan gishiri da ya ratsa dajin mikoko, ba ya shiguwa sai ruwa ya cika. Aka kashe inji, yaran suka riƙa tura jirgin da gora, rassa suna shafar kafaɗunmu, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa da kukan tsuntsaye. Na yi tafiye-tafiye a rayuwata, amma ban taɓa shiga shiru irin wannan ba. Can sai ga tudu, ga manyan kukoki irin namu na gida, ƙarƙashinsu kuma gari ne sukutum babu kowa. An kafa shi wajajen 1500, an watse daga cikinsa wajajen ƙarshen ƙarni na 17. Ganuwarsa tana nan, kangayen gidaje suna nan, masallacin Juma'a yana tsaye da mihirabinsa da wani ginshiƙi da ya miƙe a bisansa. A jikin wasu bangaye akwai zanen jiragen ruwa da wani ya karta da tsinin wuƙa, mai yiwuwa yana jiran iska shi ma. Abin da aka fi dangantawa da tashin garin shi ne rijiyoyinsa da suka koma zartsi, ga kuma rashin jituwa da maƙwabta. Mutanen suka tsallaka zuwa Shela, kuma har yau zuriyarsu sukan zo nan ziyara da roƙon ruwa. Ina cikin juya wannan a raina yaron ya zo da gudu, ya ce nahoda ya ce in ban taho yanzu ba a nan za mu kwana da sauro.

Shela tana bakin mashigin da ke fita babbar teku, tafiyar kilomita uku daga garin Lamu. Daga cikin jirgi abin da ke fara ɗaukar ido shi ne hasumiyar masallacinta ta 1829, mai kama da tulun da aka kifa aka ja wuyansa sama, bayanta kuma tuddan rairayi farare da gaɓa mai tsawon kilomita goma sha biyu, babu gini babu shago. A wannan rairayi aka yi yaƙin da ya sauya tarihin yankin wajajen 1812. Rundunar Pate da ta Mazaru'awan Mombasa suka zo ta ruwa don su murƙushe Lamu. Aka fatattake su, suka juya za su shiga jiragensu, suka tarar ruwa ya janye ya bar jiragen a kan yashi. Da yawa daga cikinsu suka hallaka. Da nahoda ya kai nan a labarin sai ya dube ni ya yi murmushi, na gane da wa yake.

Shela ta yau kyakkyawa ce ƙwarai, kuma kyanta ne ya dame ni. Da yawa daga cikin manyan gidajenta attajiran Turai sun saye su, sun gyara su da kuɗi mai yawa da ɗanɗano mai kyau, suna zuwa hutu makonni kaɗan a shekara, sauran watanni gidan yana kulle da mai gadi. Ba zan ce sun ɓata garin ba, don da ba su saya ba da wasu gidajen sun rushe. Amma saurayin da aka haifa a lungun ba ya iya sayen fili a lungun. Sai kuma batun ruwa. Tuddan rairayin nan su ke shanye ruwan sama su adana shi, daga rijiyoyin da ke gindinsu ake ba garin Lamu ruwan sha. Ruwan daɗi yana kwance ne a kan na gishiri, in aka zuƙe shi fiye da yadda damina ke mayarwa, na gishirin ya taso. Masana sun daɗe suna gargaɗi a kan haka. Da safe na ga garin da zartsi ya kora, da yamma na ga jikokin mutanensa suna maƙwabtaka da gidaje masu tafkin wanka a tsakar gida. Ni ma a masaukina na yi wanka sau biyu a ranar, kada in cire kaina.

Rana ta uku ita ce doguwar tafiya, zuwa tsibirin Pate. Aka bi ta mashigin Mkanda, tsakanin Manda da babban yankin ƙasa, mikoko dama da hagu. Da muka fito fili sai ga wani abu da bai yi kama da komai a yankin ba: doguwar gaɓa ta kankare, da ƙarafan ɗaga kaya, da fitilu a kan dogayen sanduna. Sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lamu ke nan. A watan Maris na 2012 shugabannin Kenya da Habasha da Sudan ta Kudu suka aza harsashin shirin da ake kira LAPSSET, wanda aka tsara zai haɗa tashar da hanyar mota da ta jirgin ƙasa da bututun mai zuwa cikin nahiya. Wani kamfanin ƙasar Sin ya gina matsayan jirage uku na farko, Shugaba Uhuru Kenyatta ya buɗe na farkonsu a watan Mayun 2021. An yashe ƙasan teku don manyan jirage su samu zurfi, an sare mikoko, an hana masunta wuraren da suka gada. Suka kai ƙara, a 2018 babbar kotu ta yanke cewa a biya masunta 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76, aka kuma shafe shekaru ana jan ƙafa kafin maganar biya ta kankama. Nahoda ya nuna mini wani wuri da haɓa, ya ce a nan mahaifinsa ke zuba koma. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Muka ɗaure jirgi a Mtangawanda, na hau acaɓa zuwa garin Pate. Mai karatu, in ka taɓa jin sunan birni a littafi har ka gina shi a zuciyarka, ka yi hattara da zuwa ganinsa. Pate ita ce ta riƙe ragamar wannan gaɓa a ƙarni na 18, ƙarƙashin sarakunan Nabahani, da saƙar alharini da fataucin hauren giwa da fadoji masu ado. Yau ƙauye ne mai dogayen bangaye da lunguna masu duhu, kangayen fadojin suna bayan gari, an shuka taba da ayaba a tsakaninsu. Rigimar gadon sarauta ta cinye ta daga ciki, kashin da ta sha a Shela ya karya ta, yashi kuma ya toshe mashigin da jirage ke bi su iso ta. A farkon ƙarni na 19 wani malaminta, Sayyid Abdallah bin Ali bin Nasir, ya dubi wannan rushewa ya tsara waƙar wa'azi mai suna Al-Inkishafi, wadda har yau ake karantawa a jami'o'in Gabashin Afirka. Da ajami ya rubuta ta, kamar yadda aka rubuta Utendi wa Tambuka a nan Pate a 1728, ɗaya daga cikin mafi daɗewar rubutattun waƙoƙin Suwahili da suka iso hannunmu.

A tsibirin ne kuma Siyu take, garin da ya shahara da kwafar Alƙur'ani da aikin fata da sassaƙa, wanda ya kori rundunonin Sayyid Sa'id na Zanzibar fiye da sau ɗaya a shekarun 1840. Akwai ganuwar yaƙi babba a bakin rafinsa, ta yi wa ƙauyen yanzu yawa kamar rigar uba a jikin yaro. Matar shugaban garin na wancan zamani, Mwana Kupona, ita ce a 1858 ta tsara wa 'yarta waƙar nasiha mai kimanin baiti ɗari a kan addini da zaman aure da zama da mutane. Na tsaya ina lissafi a bakin ganuwar: a shekarar da take wannan rubutu Nana Asma'u tana raye a ƙasar Sakkwato, tana da shekara sittin da biyar, tana tsara wa mata waƙoƙin karantarwa da haruffan nan dai na Larabci. Mata biyu a gefe biyu na nahiya ɗaya, kowace da tawadarta. Mu da muka yi karatun adabi an koya mana mawaƙan Ingila tun muna 'yan aji ɗaya, amma sai da furfura ta fito mini na san inda Siyu take. Kusa da nan akwai kufan Shanga, inda mai binciken tarihi Mark Horton ya haƙa ya tarar da masallatai a jere, wani ƙarƙashin wani, na can ƙasa yana komawa wajajen ƙarshen ƙarni na 8. Rana ta yi sanyi, ruwa kuma ba ya jira, sai na haƙura da shi.

A jirgi muka kwana. Da magariba ta yi na daidaita tsayuwata na ba faɗuwar rana baya, kamar yadda na saba tun ina yaro, sai yaron ya kama kafaɗata ya juya ni hagu. A can alƙibla arewa take. Mu da har muke ce wa salla fuskantar gabas, sai ga ni ina bin limami Bashafi'e muna kallon arewa, jirgi yana lilo a ƙarƙashinmu. Bayan isha aka gasa kifin da yaran suka kama, aka ci da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa. Taurari sun sauko ƙasa ƙasa, can nesa kuma fitilun sabuwar tasha sun haske gefen sama.

A nan ne bakin nahoda ya buɗe. Ya ce yana tunanin sayar da jirgin. Ɗan ƙanwarsa ya matsa masa su sayi na roba mai babban inji, irin masu jigilar fasinja tsakanin Lamu da Mokowe, inda motocin Mombasa ke tsayawa. Irin wannan jirgi yakan yi sawu da yawa a yini, ba ruwansa da iska, ba ya bukatar a riƙa cusa masa auduga a tsagu ana shafe shi da man kifi kowace shekara, ba ya kuma jiran baƙo. Na katako kuwa sai Bature ko wani irina ya zo. Ya tuna mini 2011, lokacin da 'yan bindiga daga Somaliya suka sace baƙi a wannan yanki, har Kenya ta tura soja cikin Somaliya a watan Oktoba na shekarar, da kuma harin Mpeketoni na 2014. Kowane karo baƙi suka ɗauke ƙafa, jirgin ya yi watanni a kan taɓo, shi kuwa da iyali.

Ni kuma, da ƙoshi da taurari suka ɗebe ni, sai na shiga yi masa huɗuba. Na ce wannan jirgi gadon kakanni ne, na ce in irinsa suka ƙare Lamu ta zama kamar kowane gari, na ce duniya tana zuwa nan ne saboda shi. Ya saurare ni har na gama. Sa'an nan ya ce, “Mwalimu, kai a jirgin sama ka zo ko a raƙumi?”

Ban samu amsa ba a daren, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban samu wadda ta gamsar da ni ba. Gaskiyar da masu yawon buɗe ido ba su cika son ji ba ita ce talauci ne ya adana Lamu. Bayan nasarar Shela ta yi zamaninta, ta kammala babbar ganuwarta a 1821 da taimakon Omanawa, ta yi arziki da mikoko da hauren giwa da gonakin da bayi ke nomawa a babban yankin ƙasa. Benayen da nake yabo, da wannan gumi aka gina da yawansu. Sai Turawan Ingila suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa, ta isa tafkin Victoria a 1901, ciniki ya koma can. A 1907 aka haramta bauta a gaɓar, gonakin suka koma daji. Garin ya rasa kuɗin da zai rushe tsohon gini ya yi sabo, shi ya sa ya kawo yau yadda yake. Mun san irin wannan labari: da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ayarin Tarabulus ya ja baya har ya ƙare, Gadamas da ta ci arzikin hanyar ta koma ita ma wurin da ake zuwa kallo. Gari da hanyarsa yake rayuwa. Wanda ya ce wa mutanen Lamu su zauna yadda suke don idonsa ya huta, yana roƙonsu ne su ci gaba da biyan kuɗin hutunsa da talaucinsu.

Duk da haka ba na cikin masu tafa wa sabuwar tasha hannu bibbiyu. Tsoffin jiragen kaskazi cikin gari suke sauke kaya, matuƙansu su kwana a gari, su ci a gari, su yi aure a gari. Wannan kuwa an gina ta ne can gefe, bayan shinge, kayan da ta sauke mota za ta kwashe ta wuce da su ba tare da sun ga ƙofar kowa ba. Hanya tana iya bi ta kusa da gari ba ta bi ta cikinsa ba. In 'ya'yan masunta ba su samu karatun da zai shigar da su bayan shingen ba, to an karɓe masu teku an ba su kallo. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne garin ya taɓa buɗe ƙofar da aka rufe. Habib Swaleh, malamin da ya zo daga tsibiran Komoro ya zauna a Lamu har rasuwarsa a 1935, ya kafa masallacin Riyadha da makarantarsa a unguwar talakawa, ya jawo masu hawan kwakwa da 'ya'yan bayi cikin karatu, manyan gari suna gunaguni. Maulidin da ya assasa shi ne har yau ke tara jama'a daga ko'ina a Gabashin Afirka a ƙarshen Rabi'ul Awwal, kuma makarantar tana nan tana yaye ɗalibai.

Rana ta huɗu, a hanyar komawa, na roƙi a ratse Matondoni, ƙauyen masu sassaƙa jirage da ke bayan tsibirin Lamu. Nahoda ya dubi ruwa, ya ce akwai awa biyu. A bakin gaɓa, ƙarƙashin wata rumfa, muka tarar da jirgi guda ana gininsa, haƙarƙarinsa a tsaye kamar gawar raƙumi. Wani tsoho yana fafe katako da gizago, babu zane a takarda, babu ma'auni sai igiya da ido. Ya ce a da kakanninsu har jirgin da babu ƙusa ko ɗaya suna yi, da igiyar ɓawon kwakwa ake ɗinke shi. Na tambayi wanda ya ba da aikin wannan. Ya ce wani mai otal ne, zai riƙa fita da baƙi kallon faɗuwar rana. Nahoda ya zagaya jirgin sau biyu, ya shafa katakon, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya kasa kunne, ya tambayi kuɗin itacen. Da aka faɗa masa sai ya gyara hularsa ya ce mu tafi, ruwa ya fara juyawa.

Iska ta yi kyau a yammacin nan. Ya sa aka kashe inji, yaran suka ja igiya, ƙyallen ya buɗe ya cika, jirgin ya karkata ya shiga yanka ruwa babu ƙara. Ɗan ƙanwar nasa, mai son jirgin roba, shi ne ya haye katakon da ake miƙawa waje don daidaita nauyi, yana tsaye a kan ruwa yana dariya. Muka iso gaban garin ana kiran magariba daga masallatai da yawa a lokaci guda.

Na cika masa sauran kuɗinsa har da na ranar da muka yi a kan dakali, ya ƙirga, ya mayar mini da rabin na ranar, ya ce laifin na mutum biyu ne. Ya ce in na tashi dawowa in dubi wata kafin in yanki tikiti. Na ce, “To Nahoda, jirgin fa, zan same shi?” Yana naɗe igiya bai ɗago ba, ya ce in tambayi yaron.